Wai a Saudiyya ɗa ne ke gadon sarauta ko ƙane?

Ɗan_Fagge:

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin tarihi ku zo ku raba mana gardama, jiya a majalisarmu bayan isha'i har shayi ya huce muna abu ɗaya. Wani abokina da ya dawo daga umara yace duk inda ka shiga a can, otal ne ko banki, hoton mutum uku zaka gani a jere, wai kaka da ɗa da jika, to shi a fahimtarsa haka sarautar take tafiya uba ya mutu ɗa ya hau. Ni kuma nace masa ai Sarki Salman ba ɗan Sarki Abdullah bane ƙanensa ne, ya rantse min ba haka bane wai ta yaya ƙane zai hau alhali mamacin yana da 'ya'ya manya. To wai yaya abin yake ne? kuma in ƙane ne ke gado me yasa yanzu ɗan sarkin ne yarima mai jiran gado?

Malam_Na_Tudun_Wada:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa kai ne da gaskiya, amma abokin naka shima bai yi ƙarya akan hoton ba, Abdul'aziz ne da ɗansa Salman da jikansa Muhammad, sai dai tsakanin na farko da na biyun akwai sarakuna biyar da hoton bai nuna ba.

Abdul'aziz bin Abdurrahman shine ya ƙwace Riyad a 1902, ya haɗe ƙasar da sunan Saudiyya a 1932, ya rasu 1953. Daga nan ɗansa Sa'ud ya hau. To tun daga Sa'ud har yau duk wanda ya zauna kan kujerar nan ɗan Abdul'aziz ne na cikinsa: Sa'ud zuwa 1964, Faisal zuwa 1975, Khalid zuwa 1982, Fahad zuwa 2005, Abdullah zuwa Janairun 2015, sai Salman. Wa da ƙane ne dukansu, uba ɗaya uwa kowa da tasa in banda Fahad da Salman da suke uwa ɗaya, sama da shekara 70 kenan sarauta na yawo a tsakanin 'ya'yan mutum ɗaya, kuma ba abin mamaki bane tunda 'ya'yansa maza sun haura 40.

Dalilin kuma yana baya. Gidan nan sun taɓa rasa mulki gaba ɗaya saboda rigimar gado, bayan rasuwar Imam Faisal bin Turki 'ya'yansa Abdullah da Sa'ud suka yi ta yaƙar juna har gidan Al Rashid na Ha'il suka samu ƙofa suka cinye su, zuwa 1891 komai ya watse, Abdul'aziz yana yaro ya bi mahaifinsa gudun hijira har suka zauna a Kuwait. Wanda ya ga wannan da idonsa ba sai an gaya masa ba. Shi yasa tun yana raye ya naɗa Sa'ud yarima, kowa kuma ya san Faisal ke bin bayansa, kowane ɗaki a gidan yana sa ran layi zai iya zuwa kansa sai ya haƙura ya jira.

Maman_Husna:

Malam Allah ya ƙara ilimi, amma naga kamar an nuna abin ya tafi sumul ne. Ni dai abinda na karanta Sa'ud ba rasuwa yayi akan mulki ba cire shi aka yi, 'yan'uwansa suka haɗu da malamai aka bada fatawa aka naɗa Faisal a 1964, shi kuma ya bar ƙasar ya rasu a Girka 1969. Faisal ɗin ma ɗan ƙanensa ne ya harbe shi a fada, Faisal bin Musa'id, a Maris 1975. To ina zaman lafiyar layin?

Malam_Na_Tudun_Wada:

Hajiya gaskiyarki, ban ce babu rigima ba. Amma duba yadda aka cire Sa'ud ɗin, shekaru aka yi ana ja tsakaninsa da Faisal akan kuɗin gwamnati da bashin da ya taru da kuma yadda yake cusa 'ya'yansa a manyan muƙamai, wannan na ƙarshen shine ya fi tsorata 'yan'uwan dan sun ga alamar sarautar zata maƙale a ɗakinsa. Da aka tashi cire shi ba'a yi yaƙi ba, taron dangi aka yi aka kira malamai. Kuma layin ba wai shekaru kawai ake bi ba, Muhammad bin Abdul'aziz ya girmi Khalid, uwarsu ɗaya ma, amma ya janye aka ba Khalid, wasu da dama an tsallake su shiru ba wanda ya ji.

Injiniya_Kaduna:

Bari in ɗora akan maganar malam, dan tambayar Ɗan Fagge ta biyu ba'a amsa ba. Matsalar tsarin wa da ƙane ita ce tsufa, yau da gobe sai ya zama tsoho ke gadon tsoho. Fahad ya samu shanyewar ɓarin jiki a 1995, shekara goma Abdullah ne ke riƙe da ƙasar da sunan yarima, da ya hau kuma yarimomi biyu suka rasu a gabansa, Sultan a 2011 Nayif a 2012, shi kansa ya kai wajen shekara 90 kafin ya rasu, Salman ya hau yana da 79. Kowa ya san dole wata rana a sauko kan jikoki, abinda ba'a sani ba ɗan wane ɗaki.

A rubuce dokar mulki ta 1992 da Fahad ya fitar, sashe na 5, cewa tayi sarauta tana cikin 'ya'yan Abdul'aziz da 'ya'yan 'ya'yansa, a yiwa wanda ya fi cancanta mubaya'a. Bata ce babba ba bata ce ƙane ba. Sai Abdullah ya kafa majalisar mubaya'a a 2006, Hai'atul Bai'a, kowane ɗan Abdul'aziz yana da kujera ko shi ko wani daga zuriyarsa, kusan kamar masu zaɓen sarki a wajenmu sai dai su duk 'yan gidan sarautar ne, ba irin su Madaki da Makama da Sarkin Bai na Kano ba da su basa neman kujerar.

To Salman na hawa abin yayi sauri. Muƙrin ƙanensa shine yarima, wata uku kacal aka sauke shi a Afrilun 2015 aka ɗora Muhammad bin Nayif, jika na farko da ya zama mai jiran gado, aka sa Muhammad bin Salman mataimaki. Yuni 2017 cikin azumi aka sauke bin Nayif shima, sanarwar fada tace mutum 31 cikin 34 na majalisar sun amince da ɗan sarkin, aka nuna bidiyo yana sumbatar hannun wanda aka sauke. A 2022 kuma aka bashi firaminista, muƙamin da sarki ke riƙewa da kansa a da. Ni a ganina majalisar nan tambari kawai take bugawa, abinda sarki mai ci yake so shi ake yi, musamman da aka tattara tsaro a hannu ɗaya, da can Sultan na da ma'aikatar tsaro, Nayif na da cikin gida, Abdullah na da rundunar tsaron ƙasa ta Haras al-Watani kowa da sojansa, yanzu tun da aka cire Mut'ib ɗan Abdullah a Nuwamban 2017 lokacin da aka kama manyan ƙasar aka tsare su a otal ɗin Ritz-Carlton babu wani ɗaki da ke da ƙarfin cewa a'a.

Ɗan_Fagge:

Kai jama'a na gode wlh, yau akwai zama a majalisa. To Injiniya kenan daga yanzu uba da ɗa za'a koma, in Muhammad bin Salman ya hau ɗansa ne zai gaje shi?

Baban_Sadiq:

Yaro kar ka yi saurin kai musu wannan. A ranar da aka naɗa shi ɗin an yiwa sashe na 5 gyara, aka ce bayan 'ya'yan Abdul'aziz na cikinsa, sarki da yarima ba zasu fito daga reshe ɗaya ba. Ma'ana a takarda in ya hau ba zai naɗa ɗansa ko ƙanensa Khalid ba, sai ya duba cikin 'ya'yan baffanninsa. Amma fa dokar da sarki ya rubuta da umarnin fada wani sarkin zai iya gogewa da umarnin fada, kuma tun 2017 kujerar mataimakin yarima a buɗe take ba'a sa kowa ba.

Ka duba maƙwabtansu. Sarki Husaini na Jodan shekara sama da 30 ƙanensa Hassan ne yarima, saura sati biyu ya rasu a 1999 ya sauke shi ya ɗora ɗansa Abdullah, shi kuma Abdullah ya karɓe muƙamin daga ƙanensa Hamza a 2004 daga baya ya ba nasa ɗan. A Oman Sultan Ƙabus bai haihu ba, wasiƙa ya bari a rufe aka buɗe a Janairun 2020 aka ga sunan Haisam ɗan baffansa, shekara ɗaya Haisam ya canza doka ya zama babban ɗan sultan ne magaji.

Kuma ka gaya wa abokin naka ƙane ya gaji wa ba sai ya je Makka zai gani ba, Sarkin Musulmi Maccido da ya rasu a hatsarin jirgi 2006 ai ƙanensa Sa'ad Abubakar ne ya hau, kuma Maccidon yana da 'ya'ya manya.

Maman_Husna:

Baba ai wannan misalin na Sakkwato shi zai kashe bakinsa. Ɗan Fagge in ya ƙi yarda ka ce ya duba sunayen kawai, Abdullah bin Abdul'aziz, Salman bin Abdul'aziz, in Salman ɗan Abdullah ne ai da bin Abdullah za'a rubuta.