DiRT Rally 2.0: me ya sa motata ba ta kai ƙarshen hanya?

Ɗan Totur:
Slm 'yan uwa masu buga gem ɗin tsere, don Allah ina neman shawara. Na fara buga DiRT Rally 2.0 a PS4, da hannu nake bugawa ba ni da sitiyari, kuma wlh gem ɗin ya shiga raina sosai amma na kasa gama hanya ɗaya lafiya. Audi quattro nake ɗauka, waccan mai fiffike ta Group B, rukunin motocin tsere masu tsananin ƙarfi na shekarun 1980, ina taka totur a kwana sai bayan motar ya juyo ko ta tafi miƙe ta daki dutse, musamman a Ajantina inda hanyar ƙunci ce ga duwatsu ga kwazazzabo a gefe. Sannan mutumin nan da ke zaune kusa da direba yana ta zuba lambobi, hagu huɗu dama biyu, ban san me zan yi da su ba. Kuma na duba ko'ina ban ga maɓallin da ake mayar da lokaci baya ba irin na sauran gem ɗin mota. Matsalar setin ce ko dole sai na nemi sitiyari?

Sarkin Kwana:
Wslm ɗan uwa. Maɓallin komawa baya kam babu shi, da gangan Codemasters, kamfanin da ya yi gem ɗin, suka ƙi sa shi, in ka fita daga hanya sai dai a dawo da kai a ƙara maka daƙiƙu a lokacinka.

Amma babbar maganar ita ce mutumin nan da ka ce yana zuba lambobi, shi ne gem ɗin gaba ɗaya. Muryar Phil Mills ce, wanda ya zauna gefen Petter Solberg suka ci kambun duniya a 2003 da Subaru, kuma abin da yake karanto maka shi ne hanyar da idonka bai kai gare ta ba tukuna. Lambobin daga 1 zuwa 6 suke. 1 kwana ce mai tsanani, sai ka rage gudu sosai ka sauko giya, 6 kuwa ɗan lanƙwasa ne kawai, sau da yawa ba sai ka ɗaga ƙafa ba. Manyan lambobi irin 50, 100, 150 nisan mita ne zuwa abu na gaba. In ya ce kar ka yanke to akwai dutse ko kututture ko rami a cikin kwanar, ka bi ta tsakiya ko da kana ganin fili. In ya ce kwanar tana matsewa, wato ta fara a 4 ta ƙare a 2, to tun a bakinta za ka shirya wa 2 ɗin, wannan ita ta fi kashe sababbi domin suna shiga da gudun 4 sai hanya ta ƙare musu.

Ka shiga setin ka sa ya riƙa faɗa da wuri kaɗan, ka rage ƙarar inji ka ɗaga muryarsa, in da hali ka sa abin sauraro a kunne. Kuma birki tun motar tana miƙe ake taka shi kafin kwana, ba a cikinta ba. A kan tsakuwa mota ba ta tsayawa yadda take tsayawa a kwalta, sai ka ba ta fili.

Bakanike:
Malam Ɗan Totur ajiye Audin nan tukuna. Ƙarfinta ya kai wajen doki 500 kuma turbo ɗinta ba ya zuwa a hankali, shiru shiru sai ya zo gaba ɗaya, shi ya sa kake ganin baya yana juyowa. Ko direbobin gaske sun sha wuya da motocin rukunin nan na Group B, bayan rasuwar Henri Toivonen da abokin zamansa Sergio Cresto a tseren Kosika a 1986 cikin Lancia Delta S4 aka soke rukunin daga ƙarshen shekarar. Ka ɗauki Lancia Fulvia ko Mini Cooper, masu jan gaba ne, ƙarfin Fulvia ya ɗan haura doki 100 ne kawai, kuma kar ka raina ta don ita ta ci tseren Monte Carlo a 1972. A cikinta za ka ji yadda nauyi ke komawa gaba in ka taɓa birki, hancin motar ya duƙa ƙasa tayoyin gaba su kama, bayan ya yi sauƙi ya biyo ka cikin kwana da kansa. In wannan ya zauna a hannunka sai ka hau Fiesta R2, daga nan Fabia R5 mai fowil. Kuma ka bar Ajantina ka tafi Niyu Zilan, hanyarta ta fi laushi kuma kwanoninta a karkace suke suna taimaka maka.

Hajiya Fowil:
Ni dai ban yarda sai ya bi dogon layin nan ba, R5 ta fi Fulvia sauƙin riƙewa a wajena, tana da birki mai kyau kuma in ta zame kana taka totur kaɗan ta miƙe. Masu jan gaba in ka matsa musu a kwana gaban ne yake tafiya miƙe, sabon shiga sai ya ɗauka sitiyarin ne ba ya aiki. Amma maganar Audi gsky na goyi bayanka Bakanike.

Kuma sitiyari ba dole ba ne ƙanina, da hannu nake bugawa. Ka rage saurin amsawar sandar hagu, ka daina danne maɓallin totur, wato R2, har ƙasa, rabi ma totur ne. Giya kuma ka koma sawa da kanka, otomatik tana canza maka a tsakiyar kwana lokacin da ba ka so.

Abin da ba wanda ya taɓo shi ne taya da lalacewar hanya. A wannan gem ɗin in motoci da yawa sun riga ka wucewa za ka tarar sun tone hanya ta yi kwari-kwari, tayarka ta faɗa ciki ta riƙa jan ka inda ba ka nufa ba, har a hannu za ka ji yana karkarwa, to hanyar da ka sani jiya ba lallai ta zama ita ce yau ba. Taya mai laushi ta fi kamawa amma tana saurin cinyewa, in akwai hanyoyi masu tsawo kafin a kai wurin gyara ka sa matsakaiciya. Kuma kar ka cire sifiya don rage nauyi, faci ɗaya ba sifiya ya gama da tseren. A wurin gyara lokaci ƙayyadadde ne, fara da lagireto da shokazoba, in hanyar gaba ta dare ce fitila kafin komai, fenti da bamba su jira.

Sarkin Kwana:
Hajiya ta faɗi gaskiya kan fitila, na taɓa shiga dajin Amurka da dare da fitila ɗaya, muryar Phil kaɗai ta kai ni ƙarshe. Amma kan R5 ina nan tare da Bakanike, tana yafe kuskure da yawa har mutum ba ya gane ya yi shi, ranar da ya hau mai jan baya irin Escort Mk II sai komai ya fito fili.

Ɗan Totur:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na gwada Fulvia a Niyu Zilan na ɗaga muryar mutumin, na kai ƙarshe ba faci ba komai, lokacin dai ba wani mai kyau ba ne amma na ji kwanar nan mai matsewa tun kafin in gan ta. Saura han birki, a wace kwana ake jan shi? Don in na ja motar juyawa take yi gaba ɗaya ta kalli inda na fito.

Bakanike:
A kwana mai lanƙwasa kamar U kaɗai, ko 1 mai ƙunci sosai. Ka fara rage gudu da birkin ƙafa ka sauko zuwa giya ta ɗaya ko ta biyu, ka juya sitiyari, sannan ka taɓa shi ka saki nan take, kar ka riƙe. Da hancin ya kalli mafita sai totur.