MacGuffin: wace kalma za mu sa masa da Hausa?

Ɗan Garwa: Salamu alaikum. Masu koyar da rubutun fim, a taimaka. A finafinan leƙen asiri akwai abin nan da kowa ke bi: takardun sirri, jerin sunayen jami'ai, wata jaka. Turawa na ce masa MacGuffin, Faransawa ma haka suka bar shi. Daraktan fim Alfred Hitchcock ne ya yayata kalmar, har ya yi bayaninta a wata lacca a Jami'ar Columbia a 1939. Jaruman fim za su kashe juna a kansa, mai kallo kuwa bai damu da mene ne shi ba. Ni na kawo "abin nema".

Malamar Marwa: Wa alaikumus salam. Malam, "abin nema" ya yi faɗi. Kowane jarumi yana da abin da yake nema, ko a fim ɗin soyayya. Shi wannan ana gwada shi ne da musanya: cire shi ka sa wani abu a gurbinsa, in labarin bai girgiza ba, to shi ne. A fim ɗin Notorious na 1946 yuraniyom ne a kwalaben giya. Da lu'ulu'u aka zuba, fim ɗin na nan yadda yake. Me zai hana "koto"?

Baban Kuseri: Hajiya, koto yaudara ce, akwai ƙugiya a ciki. Wannan abin kuwa sau da yawa na gaske ne a cikin labarin. Kada mu haɗa shi da alamar ƙarya da ake jefa wa mai kallo don ya zargi wanda bai ji ba bai gani ba. Waccan tana da sunanta tuntuni, ɓad-da-sawu. Ni "abin wawaso" nake gani.

Ɗan Njamena: Baba, a yi mini afuwa. Wawaso na abin da ke rabuwa ne, kowa ya cafki nasa ya tafi. Wannan ɗaya ne tilo, kuma aikinsa duka sauya hannu. Ku duba tsarin kashi uku da malamin rubutun fim Syd Field ya shimfiɗa a 1979: rubutu mai shafi 120, kowane shafi kusan minti ɗaya, an raba shi 30, 60, 30. A fim ɗin leƙen asiri, a shafuka goman farko ake sanar da abin da wanda ke riƙe da shi. Wajen shafi 25 zuwa 30 a sace shi, jarumi ya shiga ciki ba ja da baya. A tsakiya, wajen shafi 60, ya faɗo hannun jarumi, ko a gane na bogi aka ba shi, ko a gane mai cin amanar na cikin gida ne. Kafin shafi 90 ya koma hannun abokan gaba. Kashi na ƙarshe ƙwato shi ne. Saboda haka na ce "ƙwallon labari". A filin ƙwallo na Roumdé Adjia da ke Garwa ba wanda ke tambayar da wace fata aka ɗinka ƙwallo, a ƙafar wa yake shi ne magana.

Malamar Marwa: Wannan ta zauna, har tana nuna wa ɗalibi inda ake ɓata aiki. Na farko, yawan bayani: a tsayar da fim minti biyar wani masani na zayyana yadda na'urar ke aiki, wutar labarin ta mutu. Jimla biyu sun isa: mene ne, me zai faru in ya faɗa hannun da bai dace ba. A fim ɗin Ronin na 1998 har aka tashi ba a faɗi abin da ke cikin jakar ba. Na biyu, sauya hannu a banza. Duk sanda ƙwallon ya bar hannu, dole wani ya biya: rai, amana, ko sunan ɓoye da ya tonu. In ba haka ba guje-gujen motoci kawai ake kallo.

Baban Kuseri: Na janye tawa. Sai dai a kiyaye: in abin yana da aiki a ƙarshe, kamar bindigar da aka nuna tun farko kuma aka harba, wannan shuka ce da girbi, ba ƙwallon labari ba.

Ɗan Garwa: Madalla. A darasi za mu rubuta "ƙwallon labari", jam'i "ƙwallayen labari". Saura wanda Faransawa ke kira taupe, jami'in da aka dasa a cikin hukumar abokan gaba. "Ɗan leƙen asiri" bai bambanta shi da na waje ba. Wa ke da shawara?