Tsutsar sauron da aka ɗiba a tankina, me za a duba a jikinta?

Mai bulo, Gombe: Assalamu alaikum. Ina da wurin buga bulo, da tankin siminti biyu da ba sa rabuwa da ruwa ko da rani. Makon jiya wasu ɗalibai suka zo da ludayi da ƴan robobi, suka ɗebi tsutsar sauro a ciki, wai za a duba ƙwayoyin halittarta saboda wani baƙon sauro daga Asiya. Abin ya tsaya mini a rai, don yarana biyu sun kwanta zazzaɓi a watan Maris, ana tsakiyar zafi. Sanin asalin sauro me zai ƙara mana?

Ɗalibar nazarin ƙwari: Wa alaikumus salam, Baba. Sunansa Anopheles stephensi, gidansa Indiya da Pakistan da yankin Larabawa. An fara ganinsa a Jibuti a 2012, sai Habasha da Sudan a 2016, a Najeriya kuma nan jihar Gombe aka fara kama shi, a 2020. Da ido yana da wuyar rarrabewa da namu, shi ya sa ake zuwa ga DNA, wato ƙwayoyin halittarsa. Aikin kamar bin salsala ne. Inda aka tarar da bambanci mai yawa a tsakaninsu, ko dai ya daɗe a wurin ko ya shigo ba sau ɗaya ba. Inda duk kusan iri ɗaya suke, ƴan tsiraru ne suka iso kwanan nan suka hayayyafa. Da haka ake bin sawunsa, a san ko tashar jirgin ruwa za a tsare ko hanyar motocin kaya. Ana kuma duba ko yana da canjin da ke hana maganin gidan sauro kashe shi.

Ma'aikacin lafiya: Alhaji, zazzaɓin Maris kaɗai ba hujja ba ne, amma kada ka raina tankin. Namu sauron kududdufin damina yake so, wannan kuwa tanki da duro da randa, don haka rani bai dame shi ba. Jibuti masu maleriya 27 ta samu a 2012, a 2020 sun haura 73,000. A Dire Dawa ta Habasha ma da rani cutar ta ɓarke a 2022.

Mai bulo, Gombe: Na gode, Allah ya saka. Zubar da ruwan ba zai yiwu ba, tanka nake saya. Gobe zan sa kafinta ya yi musu murfi da raga. Ƴata, in sakamakon irin wannan ya fito, ana sanar da mai wurin kuwa?