Neman shawara: ɗakin da nake ɗorawa a bayan Hilux ya fara wari, bangonsa ya yi laushi

Mai tambaya, likitan dabbobi, Tawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Aikina rigakafin dabbobi ne, nakan yi mako biyu a daji tsakanin Abalak da Cintabaraden ban ga gida ba. Shi ya sa a watan Maris na sayi ɗakin nan da ake ɗorawa a bayan Hilux, mai ƙafafu huɗu da ake murɗawa ya tsaya da kansa, mota ta fita daga ƙarƙashinsa. Tsohon hannu ne, daga Faransa ya zo ta Lome, a Yamai na saye shi. Akwai gado a saman kan direba, da wurin girki, da tankin ruwa. Ranar da na duba shi ƙamas yake, ko tabo ban gani ba.

Tun ruwan tsakiyar Agusta, duk safiyar da na buɗe ƙofa sai wani wari ya tare ni, kamar na rumbun da ya sha yoyo. Jiya na danna bango da yatsa a kusurwar gaba ta hannun dama, kusa da inda ƙafa take, sai ya lotsa. Ruwa dai ban gani da idona ba. Kuɗin da na tara shekara uku ne a jikin abin nan, raina ya ɓaci sosai. Ta ina zan fara?

Direba, tashar Tawa:
Likita kada ka damu. A ƙasar nan wane danshi ne zai daɗe? Buɗe tagogi ka bar shi a rana kwana uku, ka sayi gam na silikon ka bi duk inda ka ga tsaga. Haka muke yi wa gilashin motoci.

Kafinta, kasuwar Katako, Yamai:
Wa alaikumus salam likita. Da farko, don girman Allah kada ka sauke ɗakin daga kan mota sai an duba kusurwar nan. Notin ƙafafun a cikin katako suke ɗaure. Ɗakin kuwa nauyinsa ɗaruruwan kilo ne, in katakon ya ruɓe, ƙafa tana iya ɓallewa a lokacin da mota ta fita, ɗakin ya kifa kan wanda ke murɗa ta. Wannan ne ya fi tayar min da hankali a maganarka, ba warin ba.

Ɗan uwana direba, rana tana busar da katako, amma ba ta mayar masa da ƙarfi. Abin da ya ruɓe ya ruɓe. Ni zatona ma ba ruwan Tawa ne ya yi wannan ɓarna ba. Ruwan da Tawa ke samu a shekara, a yawancin shekaru, bai kai milimita 400 ba, damina ɗaya ba ta cinye katako haka. Can Turai ya fara, inda abu kan kwana wata da watanni a jiƙe. Ya zo nan hunturu ya busar da shi, ka saye shi a Maris, lokacin da babu abin da ke wari. Damina ce kawai ta tona asiri.

Bangon irin waɗannan ɗakuna hawa uku ne. Waje falle ne na alminiyam ko roba mai tauri, tsakiya farin soso irin wanda ake tokare firji da shi a kwali, tare da siraran sandunan katako, ciki kuma katako ne marar kauri da aka lulluɓe da leda mai ado. Ruwa in ya shiga ba shi da hanyar fita, ledar nan kuma tana ɓoye komai. Shi ya sa ba ka ga ruwa ba. Sau da yawa kuma inda ya taru daban, inda ya shigo daban. Yana iya shiga ta murfin iska na rufi, ko ta fitilun gaba, ko bakin taga, ya bi sanda ya gangaro har kusurwar ƙasa.

Ga yadda nake duba su. Ka fitar da katifa da komai na cikin kabad. Ka bi bango kana ƙwanƙwasawa da gindin turnabis: mai lafiya ƙararsa tsaf take, ruɓaɓɓe kuwa a dushe, kamar ka bugi buhun dusa. Ka kwance bis biyu ko uku na bakin taga da na gefen rufi daga waje. In sun fito da tsatsa, ko suna juyawa ba su kama komai ba, katakon da ke bayansu ya tafi. Ka tsaya a gefe da sassafe, hasken rana na kwance, ka dubi jikin ɗakin: inda ya kumbura, fallen ya rabu da abin da ke ƙarƙashinsa ke nan. In ka ga farin gari ko ƙananan huji kamar na allura a jikin alminiyam, shi ma danshi ne ke cinsa daga ciki. Wurin gadon nan na saman direba ka ba shi lokaci sosai, shi ke karɓar ruwa da iska gaba da gaba in ana tafiya.

Malamin koyon sana'a, Yamai:
Maganar baba kafinta haka take. Zan ƙara da na'urar auna danshi, ƙarama ce mai allura biyu da ake cakawa a katako. A wajen masu irin waɗannan ɗakuna, ƙasa da kashi 15 cikin 100 lafiya ne, daga 15 zuwa 20 a sa ido, abin da ya wuce 20 kuwa ruwa na shiga, domin daga nan ne ruɓa ke samun wurin zama. Amma ka auna yanzu da damina. A watan Afrilu, ruɓaɓɓen katako zai nuna maka lamba mai kyau saboda ya bushe, ka ɗauka lafiya lau. Kuma in allurar ta taɓa ƙarfe, lambar ƙarya za ta ba ka.

Silikon kuma a bar shi. Ba ya daɗewa a jikin alminiyam mai motsi, in ya ɗago ya zama aljihun ruwa, kuma duk inda ya taɓa wani gam ba ya kamawa sai an kankare sarai. In taga ce ke yoyo, a cire ta gaba ɗaya, a goge tsohon gam, a shimfiɗa butil, wani gam mai danƙo, a ƙarƙashinta, shi ba ya ƙanƙarewa. Gaɓoɓin rufi kuma a bi su da gam irin su Sikaflex.

Direba, tashar Tawa:
To na ji, na kuma karɓa. Amma likita ka sani, hanyar Abalak ita ma tana da nata laifin. Gargada tana sassauta kowane noti, zafin bazara kuma yana busar da gam har ya tsage. Duk dawowa daga daji ka bi su da hannu.

Hajiya, ma'aikaciyar jinya, Tawa:
Ƙanena, ka daina kwana a ciki tukuna. Warin nan na fumfuna ne, yana tayar da tari da ciwon asma. In za ku ɓalle bangon ku rufe hanci da baki, ku yi a fili. Sannan ba duk danshi ne daga sama yake zuwa ba. Girki da gas a rufaffen ɗaki yana cika shi da tururi, kilo 1 na gas in ya ƙone yana fitar da ruwa fiye da lita 1 da rabi. Ka riƙa buɗe murfin sama in kana girki, wannan ma don numfashinka ne. Ka duba tiyon tankin ruwanka kuma, ko yana ɗiga a ɓoye.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri. Yau da safe ni da yarona muka yi abin da kuka ce. Tanki lafiyarsa lau. Bis uku na fitilar gaba ta dama sun fito jawur da tsatsa. Na yanke katakon ciki kamar tafin hannu biyu a kusurwar, sandar da ke riƙe da ƙafa ta yi launin ƙasa-ƙasa, ta tsattsage gida-gida, tana marmashewa a hannu. Sama da ita kamar kamu ɗaya turnabis ya daina shiga. Baba kafinta, wannan yana gyaruwa? Wani mai walda a nan ya ce zai sa min ƙarfe.

Kafinta, kasuwar Katako, Yamai:
Alhamdu lillahi da ba ka sauke shi ba. Yana gyaruwa, tunda kusurwa ɗaya ce. Ka duba sauran ukun kafin ka kashe ko dala, in gaban gadon duka ya tafi lissafin ya canza.

Kada a yi walda a jikin ɗakin, sosan nan yana narkewa yana kama wuta. In ƙarfe kake so, a haɗa shi a ƙasa, a kawo a ɗaura da noti. Ni dai da katako zan mayar: a yanke ruɓaɓɓen har a shiga mai lafiya da kamar santimita 20, a bar wurin a buɗe ya bushe, a kawo jan katako busasshe. Katakon samba ba shi da nauyi, amma ba ya riƙe noti, gara kuma na son sa, kada ka yarda a sa shi a gindin ƙafa. A haɗa sabo da tsoho a karkace, da gam da bis, a sa farantin ƙarfe daga ciki domin notin ya ratsa ya kama shi. Gam mai warin fetur yana cinye soso, a gwada a gutsure tukuna.

Kafin ku rufe bango, ku gyara fitilar, sannan yaronka ya riƙe tiyo yana fesa ruwa a waje kai kana ciki da tocila. Ya fara daga ƙasa yana hawa a hankali, kowane wuri minti biyar, rufi a ƙarshe. In ya fara daga sama ba za ka gane ta inda ya shigo ba. Yau dai ka lulluɓe gaban da tamfol, ka bar tazara iska na ratsawa. Ka duba min kusurwar hagu, ka faɗa min har ina turnabis ya shiga.