Na gama bautar ƙasa, amma na kasa fita neman aiki

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum. Akanta na karanta a jami'ar KNUST da ke Kumasi a Ghana, wata biyar ke nan da gama bautar ƙasa, kuma inda na yi ba su riƙe ni ba. Kullum sai in ce gobe zan fita, gari na wayewa gabana ya riƙa faɗuwa. Tsohuwa ba ta cewa komai, sai dai ta bar min kuɗin koko a kan tebur, wannan ya fi faɗa ciwo. Ta ina zan fara?

Yayan Zango: Wa alaikumus salam ƙanena. Zaman ɗaki ne ke ƙara wa tsoron nan ƙiba, don haka kada ka jira sai zuciya ta zo kafin ka motsa. Fara da abin da ba wanda zai ce maka a'a. Gobe ka haɗa takardunka a fayil ɗaya: shaidar digiri, sakamakon jarrabawa, takardar gama bautar ƙasa da katin ɗan ƙasa, wato Ghana Card, ka ɗauki hoton kowace ka adana a waya. Jibi ka koma wurin wanda ya kula da kai a bautar ƙasa ka nemi wasiƙar shaida tun bai manta fuskarka ba.

CV shafi ɗaya ya ishe ka. Inda yara ke faɗuwa shi ne su rubuta "mai ƙwazo, mai haƙuri", alhali mai ɗaukar aiki so yake ya ga abin da hannunka ya taɓa: rasit nawa kake shigarwa a rana, wane lissafi ka daidaita da na banki. Ka tura biyar a mako, kowace ka gyara ta daidai da tallar, ya fi hamsin iri ɗaya. Ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta wuri da ranar da ka tura, bayan kwana 10 ka bi sawu. Yawancinsu shiru za ka ji. Haka abin yake ga kowa, ba aibinka ba ne.

Antin Asawase: Ɗana, kada idonka ya tsaya kan banki da gwamnati kaɗai. Shagunan Adum da masu kayan gyaran mota a Suame Magazine da yawa kuɗi na shiga, amma littafin ciniki a hargitse yake, sai lokacin biyan haraji ga hukumar haraji ta GRA hankali ya tashi. Ka je da hantsi, ba da sassafe ba lokacin da ake sauke kaya, ka ce za ka tsara musu shiga da fita na wata guda a Excel. Ku yi tsada tun farko ko da kaɗan ne, aikin kyauta ba a girmama shi. Shago biyu ma sun toshe maka giɓin watannin nan a CV. Ka kuma yi rajista da ICAG, cibiyar ƙwararrun akantoci ta Ghana, masu digirin akanta ana ɗauke musu wasu darussa a jarrabawarta.

Malam na Tafo: In an kira ka intabiyu, tambayar farko kusan kullum ita ce ka gabatar da kanka. Ka shirya amsar minti 2, ka faɗe ta da ƙarfi kana naɗa a waya har muryar ta daina rawa. Ka je ka ga wurin ana gobe, don cunkoson kasuwar Kejetia ba ya jin uzuri.

Sai ka yi hattara da masu cewa suna da "furotokol", wato hanyar samun aiki ta bayan fage, ka turo kuɗi ta asusun waya na MoMo a saka sunanka. Damfara ce, kuma wanda ya gaji da zama suke farauta. In aiki ya samu, ka tambaya ko albashin da aka faɗa kafin cire haraji ne ko bayansa. Kuɗin fansho na SSNIT kuwa, ana cire kashi 5.5 cikin ɗari daga naka, mai aiki ya ƙara kashi 13. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ce aikin da zai kai wata shida a rubuce ake yin yarjejeniyarsa, saboda haka ka nemi takarda.

Ɗan Aboabo: Allah Ya saka da alheri. Anti, na kira wani kawuna mai shago a Adum, ya ce in zo Litinin da kwamfutata.