Waya a jirgin masu kamun lobsta: ta hana ƙarya ko ba ta hana ba?

Ɗalibin Oklan: Salamu alaikum jama'a. Ga maganar da muka bari jiya. A nan Niyu Zilan, tun 2019 duk mai kamun lobsta don sayarwa, wato ƙaton jatan landen nan na teku mai zama a ramukan duwatsu, dole ya shigar da kamunsa ta waya ko kwamfutar hannu: gura nawa ya ɗaga, kilo nawa ya samu, a wane wuri. Jirgin kuma yana ɗauke da na'urar da ke nuna wa hukuma inda yake. Ni dai na ce an toshe ƙofar ƙarya. Wa ke da ja?

Kawu: Wa alaikumus salam. Ni ke da ja, ɗana. Waya ba ta da ido. Hannun da ya rubuta ƙarya a takarda shi ne dai zai latsa ta a waya. Mutum ya kama kilo ɗari ya rubuta saba'in, wa ya gani?

Ɗalibin Oklan: Kawu, ai ba shi kaɗai ke rubutu ba. Ba ya sayarwa sai ga dillali mai lasisi, shi ma dillalin yana auna kayan ya kai nasa rahoton. In lissafin biyu ya saɓa, asiri ya tonu.

Kawu: To ka ga ka ba ni gaskiya. Sikelin dillali ke kama shi. Wannan tsarin kuwa ya girmi wayar, tun 1990 aka sa lobsta cikin tsarin kaso, kowa da iyakar abin da zai kama a shekara.

Hajiya: Ku bar ni in shiga. Kawu, da girmanka, amma ka tsallake abu guda. A zamanin takarda sai wata ya ƙare ake aikawa, kuma yankin da ake rubutawa faɗi gare shi, kamar a tambaye ka gidanku ka ce Arewa. Yanzu wurin ya fito ƙuru-ƙuru, labarin kuma ba ya tsufa a aljihu. Masu binciken nan da yawan abin da gura ɗaya ke fitarwa suke gane ko lobsta na ƙarewa. In ka san takamaiman wurin da gura ta fara dawowa wayam, ka ga ciwo tun bai ci ƙafa ba.

Injiniya: Hajiya ta kawo magana. Sai dai a tuna, yankin kamun lobsta da ake kira CRA2, wajen tekun Hauraki kusa da Oklan, an zaftare kason 'yan kasuwa daga tan 200 zuwa 80 a 2018, kafin a ɗora wa ƙananan jirage wannan doka. Ashe ko da takarda an iya ganin ɓarna.

Hajiya: An gani, Injiniya, amma bayan gari ya waye. Wanda aka yanke wa fiye da rabin abincinsa rana ɗaya, ka tambaye shi ko da ya so a gano da wuri.

Kawu: Ni abin da ya fi damuna daban ne. Masunci sirrinsa wurinsa. Dutsen da ubansa ya nuna masa, ya shekara talatin yana ɓoyewa ko ga maƙwabci, yau na'ura na kai rahotonsa ofis. Kayan nan da rai ake ɗora su a jirgin sama zuwa ƙasar Sin, kuɗi ne ba na wasa ba. In bayanin ya zurare fa?

Ɗalibin Oklan: Wannan kam masuntan nan sun yi ƙorafinsa sosai, Kawu, har da kuɗin sayen na'urar, da wahalar latsa waya da jiƙaƙƙen hannu jirgi na tangaɗi. Ban musa ba.

Injiniya: Ga inda ni nake ganin gizo ke saƙa. Mai shiga ruwa ya kamo na miyarsa ba ya kai rahoto ga kowa. Abin da aka yi a CRA2 shi ne rage masa daga shida zuwa uku a rana a 2020, da tilasta masa yanke ƙarshen wutsiyar a matsayin alama don kada ta shiga kasuwa. Ɓarawon dare kuwa ba shi da waya balle lasisi. An ƙulle ƙofar gaba da kwaɗo biyu, ta baya a buɗe.

Hajiya: Sannan mace mai ƙwai, ko namijin da faɗin wutsiyarsa bai kai milimita 54 ba, doka ta ce a mayar ruwa. Ko an mayar ɗin, nan kam sai mutum da Allahnsa.

Ɗalibin Oklan: To na sauko kaɗan. Ba ta toshe ƙarya ba, ta dai rage mata wurin ɓuya.

Kawu: Kaɗan? Ɗana, sauko gaba ɗaya ka huta. Kuma har yanzu ba ka ba ni amsar wa ke riƙe da taswirar dutsen mutumin nan ba.