Shawarwari ga Sababbin Ƙungiyoyin Kiɗan Pop Rock a Filifin

Makaɗa da masu haɗa sauti da suka tattauna kan yadda ƙungiya ke ɗorewa a Manila sun fi kafa hujja da ƙungiyar kiɗa ta Eraserheads. Ɗalibai huɗu ne suka kafa ta a Jami'ar Filifin da ke Diliman a 1989. Kamfanoni sun yi watsi da kaset ɗinsu na gwaji, amma suka ci gaba da wasa a ƙananan wurare irin su Club Dredd, har kamfanin waƙoƙi na BMG ya fitar da kundinsu na farko a 1993. Shawarar ita ce a gwada kowace waƙa a gaban jama'a kafin a kashe kuɗin situdiyo.

An fi daɗewa kan batun amshi. Shawarar ita ce ya shigo kafin minti ɗaya ya cika, kuma a rera shi da jita ɗaya kawai a ji ko zai tsaya da ƙafarsa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne jita biyu su riƙa buga abu ɗaya a daidai amon mawaƙi, sai kalmomi su nutse. Maganinsa: ɗaya ta riƙe kiɗan, ɗayar ta jira inda murya ta yi shiru. Harshen Tagalog na yau da kullum ya fi shiga zuciya.

Batun kuɗi kuwa, a rubuta rabon kowa a kowace waƙa tun kafin ta fita, sannan a yi rajista da FILSCAP, mai karɓar wa marubuta waƙa haƙƙinsu. Kada kuma rubutun waƙa ya rataya a wuyan mutum ɗaya: bayan ficewar Ely Buendia, mawaƙinta kuma babban marubucin waƙoƙinta, a 2002, Eraserheads ba ta daɗe ba ta watse.